Larabar da Ba a Rubuta Ba

Bari in faɗi gaskiya tun kafin wani ya faɗe ta a madadina. Ni wawa ne tun ina yaro, kuma irin wawan nan da yake ganin ya fi kowa wayo, wanda ya fi wuyar sha'ani. Aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar kanya na yi shi. Amma da wannan guntun karatun na mulki yara talatin damina guda cur, har ya bar mini sunan da zan shiga kabari da shi, Ilu Mai Kalanda. Mutane suna kirana da shi suna dariya, ni ma ina taya su. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji manya, sai dai nawa a wuyan wani ya sauka.

Ranar wata Laraba ce, ranar kasuwar Daura, a kakar shekarata ta ƙarshe a makaranta. An yi azahar, manya duk sun tafi kasuwa, unguwarmu ta bayan gari ta zama tamu da awaki. Ina tsaye a tsakiyar filin bayan rijiya, riƙe da ƙwallon ƙodago, ina cije leɓe don kada murmushina ya fito. Yarana huɗu suna bayana. Yaran ɗaya ɓangaren suna zaune a gindin tsamiya sun yi tagumi, saboda shugabansu Sale bahago bai zo ba, kuma ni na san ba zai zo ba, don ni na shirya hakan. Har na buɗe baki zan ce lokaci ya cika, mun ci ba tare da wasa ba, sai wani yaro ya miƙe yana nuna hanyar burtali. Na waiga, sai ga Sale a guje, ba riga, da sandar korar shanu a hannunsa na hagu.

Asalin abin daga shagon Oga Cidi ne, wani mutumin kudu mai sayar da kayan gyaran keke da babur a bakin titi. Hausa a bakinsa kamar a Daura aka yanke masa cibiya, sai dai ba ya iya kiran sunana daidai. Ni kuwa kullum ina maƙale a ƙofar shagonsa ina roƙon tsohuwar robar taya don yin danƙo. Wata rana da bazara ya buɗe kwalin kaya da ya ce daga Japan aka yo su, sai ga kalanda a ciki, mai shafi goma sha biyu, takardarta tana sheƙi. Rubutun jikinta kamar kaji sun yi tono, shi kansa bai iya karantawa ba, lambobin kawai muke ganewa. A kowane shafi akwai hoton ƙarti sanye da fararen kaya da hula mai baki, wani ya ɗaga sanda, wani ya sa hannu cikin wata jaka kamar tafin raƙumi. A ƙasan hoton kuma gidajen kwanaki ne, kuma a yawancinsu an zana 'yan alamomi bibbiyu, nan damisa da tsuntsu, can kifi da zaki.

Oga Cidi ya ce sunan wasan besbol, wani malamin mishan ya taɓa nuna musu shi a garinsu. Ya zana mini kusurwa huɗu a ƙasa da sukuddireba. Ya ce a jefo maka ƙwallo ka doka, ka zaga kusurwoyin ka dawo gida kafin a kamo ta, in ka kuskure sau uku ka fita, in mutum uku suka fita a canza. Abin da ya fi shiga raina shi ne tsarin. Ya ce ƙungiyoyi goma sha biyu ne, an raba su gida biyu, shida nan shida can. Kowane gida 'ya'yansa suna ta karawa a tsakaninsu tun bazara har kaka, duk ranar da ka ga alamomi biyu a gida ɗaya, su ne za su haɗu. A ƙarshe gwanin wannan gida ya kara da gwanin wancan. Da ya ga na ƙi tashi, sai ya naɗe kalandar ya miƙo mini, ya ce shi ta cocinsu ta ishe shi.

Ban kai gida ba sai da na zama malami. Na tara yaran unguwa a gindin tsamiya, na baje takardar, na sa duwatsu a kusurwoyinta, na hana kowa taɓawa. Ba mu kai a yi ƙungiya goma sha biyu ba, sai na yi shida, mutum biyar-biyar. Kwatar da ta raba unguwar ita ta raba mu gida biyu, uku a gabas, uku a yamma. Na fara zaɓa, na ɗauki damisa. Aka yi ta rububin zaki da shaho. Kifi ya rage ba mai so, don wa zai yarda a kira shi kifi a garin da sai busasshe ake gani? Sale, wanda gidansu yake yamma da kwata, ya ce a ba shi, ai kifi ba ya kamuwa da hannu.

Ƙwallonmu ƙodagon goruba ne, mu naɗe shi da tsumma, mu ɗaure da robar taya. Sandar duka tsohuwar ƙotar fartanya ce, sai da ta karye na saci guntun taɓaryar kakata, abin da ya sa ta yi kwana uku tana zargin maƙwabta. Masu cafke ƙwallo wani da ƙoƙo, wani da hular ubansa. Kusurwoyi kuwa busasshen kashin shanu muke ajiyewa, in iska ta ɗauke ɗaya sai gardama ta tashi a kan inda yake tun farko. Duk ƙungiyar da ta ci, in je bangon bayan gidanmu in ja mata layi da gawayi a ƙarƙashin alamarta. Ranar wasa kuma ni kaɗai nake faɗa. In fito da kalandar daga ƙarƙashin tabarmar kakata, in murtuke fuska, in bi layi da yatsa ina motsa baki kamar mai karatun wasiƙar alƙali, sannan in ce gobe shaho da zaki. Ba mai musu. A lokacin duk abin da aka ce yana jikin takarda, ya zauna. Ko dattijo ka nuna wa rubutu sai ya gyara zama.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, mutanen da suka tsara kalandar ba gero suke nomawa ba. Lokacin wasansu ya faɗo daidai kan lokacin aikinmu. A garinmu an san wasa da kaka yake farawa, in an kai amfani gida, sannan a yi kokawa da langa a dandali har a gaji. Mu kuwa ruwan shuka ya sauka muna wasa, aka yi noman firi muna wasa, aka yi maimai muna wasa. Mu fita gona da sassafe, mu bi bayan manya da 'yan fartanyoyinmu, mu sha fura a gindin gawo, mu dawo da ɗaurin ciyawar awaki a ka, ƙafa duk ƙaya. Kafin la'asar mun jefar da ciyawar mun yi fili. Wanda aka aika ɗiban ruwa ya ajiye tulu a bakin rijiya ya zo ya yi duka ɗaya. Babu wanda bai sha bulala ba a daminar nan. Babana yakan kama kunnena ya ce, “Wasa bayan rumbu yake, ba gabansa ba.” In ce to, washegari in koma.

Sale ya fi mu duka iyawa, kuma wannan ne ciwona. Ni na kawo wasan, ni ke riƙe da takarda, amma shi ake kallo. Da hagu yake duka, ƙodago ya tashi ya tsallake tsamiya, masu ƙoƙo su bi shi cikin gonar mutane. Ba ya cika baki, in ya zago gida sai ya zauna yana cire ƙaya. Ga shi shi ne ya fi kowa aiki, domin a daminar nan kurkunu ya kama babansa, Malam Mati, a ƙafa biyu. Yana zaune a zaure ƙafafun sun kumbura, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya. Sale ne babba, sai ƙanwarsa Abu da jariri a goye. Da shi da innarsa da ɗan gayyar da maƙwabta suka yi musu aka fitar da gonarsu guda ɗaya. Gonar tana bakin burtali, hanyar da ake koro shanu zuwa kasuwa. An kewaye ta da shingen aguwa, amma akwai wata kafa da ruwa ya cinye, wadda sa zai shiga ba tare da ya sunkuya ba. Duk ranar kasuwa Sale yake tsayawa a kafar nan da sanda, da safe in shanu za su shiga gari, da la'asar in ana koro waɗanda aka saya da waɗanda suka yi kwantai. Kowa a unguwa ya san wannan, har da ni.

Da kaka ta kama, layukan gawayi suka nuna abin da kowa ya sani: damisa a gabas, kifi a yamma. Na buɗe shafin wata na goma don in ga ranar babbar karawa, sai na ga alamomin sun ƙare a tsakiyar shafi, sauran gidajen fari fat. Na ruga wurin Oga Cidi. Ya ce ai ba za a rubuta wannan ba, tunda lokacin da aka buga kalandar ba wanda ya san gwanayen da za su kai, sai an kai ƙarshe manyansu su sanar. Ya ce mu ma mu zaɓi ranar da ta yi wa kowa daidai, mu bari a gama kwashe amfani. Na ce to. A hanyar komawa gida shaiɗan ya rako ni, ko kuma ni na rako shi, don ba na son in ɗora masa abin da ba nasa ba. Na riga na kafa doka tun bazara cewa ƙungiyar da ba ta cika biyar ba a ranar wasa, an cinye ta. Na kuma san an yanke geron Malam Mati, zangarniya tana shanye a gona ba a ɗaure ba, ga wake bai gama bushewa ba.

Na tara yara, na ɗora yatsa a kan wani gida da babu ko ɗigo a cikinsa, na rufe shi ruf, na ce Laraba mai zuwa, bayan azahar. Sale yana tsugune kusa da ni. Ya ce ko za a matsa zuwa Alhamis, ai na san Laraba yana bakin kafa. Na ce da ni na rubuta da na matsa, amma kalanda ba ta jiran kowa, mutanen Japan ba su san da gonar wani ba. Yara suka yi dariya. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya miƙe ya karkaɗe wandonsa ya tafi. Ni a lissafina ba wanda zai yi asarar komai. Shi zai tsare geronsa, ni in ɗauki nasara a ɓagas.

To, ga shi ya zo. Ya iso yana haki, ya ce ya bar Abu a bakin kafa da kara a hannu, a yi sauri kafin kasuwa ta fara watsewa. Abu shekararta shida. Nan ne ya kamata in ce a fasa, kuma wallahi maganar ta zo har maƙogwarona. Amma yara talatin suna kallona, kuma in na ce ana iya fasawa, na tona kaina ke nan. Sai na ce a fara. Har ma na riƙa jan wasan, ina gyara kusurwa, ina gardamar banza, wai ko hankalinsa zai koma gona ya gudu ya bar mana fili. Bai ko karɓi taɓarya ba, da sandar korar shanun ya tsaya. Da na yi jifan farko, ya aika ƙodagon bayan tsamiya. Na biyu ya faɗa cikin rijiya, sai da aka kawo wani ƙodagon. Aka yi mana cin da har yau ban san adadinsa ba, don ni mai jan layi ban ja ba. Yaran kifi sun ɗaga shi sama ke nan muka ji kukan Abu daga nesa.

Muka kwasa gaba ɗaya. Kafin mu isa masu korar sun riga sun fitar da shanunsu sun yi gaba, ƙurarsu kawai muka hango. Ban san ko shanu nawa suka shiga ba, amma sun yi abin da suka zo yi. Zangarniyar da aka jera an ci, an tattake, an yi kashi a kai. Waken an tumɓuke shi har saiwa. Muka tsaya cirko-cirko, sai muka ji motsi a bayanmu. Malam Mati ne. Ya ji kukan 'yarsa, ba kowa a gida, sai ya taho da jan gindi tun daga zaure, yana dogara hannuwa a ƙasa yana jan ƙafafun nan masu tsinke. Rigarsa ta yi buɗu-buɗu. Ya zauna a bakin kafar ya ɗauki wata zangarniya da aka ci rabinta, ya juya ta, ya ajiye. Bai daki Sale ba, ko da yana so ba zai iya miƙewa ba. A hankali ya tambaye shi me ya raba shi da kafa. Sale ya ce wasan ƙarshe ne, kuma takarda ce ta ce yau. Sai dattijon ya juyo ya neme ni cikin yara.

“Ilu, kai ne mai karatun. Haka aka rubuta?”

“Haka aka rubuta, Baba.”

Ya gyaɗa kai ya ce to, abin da aka rubuta ai ba makawa. Ya ce mu taya su tsince abin da ya rage. Muka tsince har magariba. Ni na fi kowa sauri, ina ta ba da umarni ina zagin masu shanu da ƙarfi, tabarmar kunya ai da hauka ake naɗe ta.

Abin da aka samu bai kai su ko tsakiyar rani ba. Maƙwabta suka yi abin da aka saba, wannan ya kai dami, wancan ya kai kwano. Babata takan zuba tuwo a akushi da yamma ta ce in kai gidan Malam Mati, kuma duk cikin 'ya'yanta ni take aika, wai ni ne abokin Sale. In ajiye a bakin zaure in yi sallama in juya, dattijon ya bi ni da albarka, yana cewa Allah ya ƙara ilimi. Da bulala ya bi ni da ita da ta fi mini sauƙi. Kafin bazara aka cire Sale daga makaranta aka kai shi Mashi wurin kawunsa mai fataucin dabbobi, don a rage baki. Shi ne yake zuwa na ɗaya a ajinmu. Ni da nake na kusa da ƙarshe aka bar ni, na kuma bar kaina bayan wata biyu. Kalandar kuwa kakata ta samu ta liƙe bangon ɗakinta da hotunan, ta ce ƙartin suna da tsabta. Ba a sake ƙwallon sanda a unguwarmu ba. Malam Mati ya warke, ya yi shekaru, ya rasu, ban taɓa gyara masa amsar nan ba.

Yanzu filin bayan rijiya shaguna ne, rijiyar ma an rufe ta. Burtali ya zama layin gidaje, shanu a mota ake kawo su. Kurkunu sai dai a ba yara labari. Sale ya dawo gari da furfurarsa bayan ya ƙare ƙarfinsa a bayan shanun mutane, yanzu dillanci yake taɓawa ranar kasuwa. Kullum bayan la'asar tabarma ɗaya muke zama da shi da sauran tsofaffi a ƙofar masallaci, mu yi gardamar ruwan bana da farashin taki. Shekara kusan hamsin bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma na ɗauka bai sani ba, na ci gaba da zama a inuwar rashin saninsa. Wani lokaci nakan yi kewar ƙarar ƙodago a jikin taɓarya, da lokacin da yara talatin za su taru ba wanda ya kira su a waya. Sai dai duk inda kewar ta bi da ni, a bakin kafar nan take ajiye ni.

A kakar bara jikana Abba, wanda ya ji labarin sunana a wurin kakarsa, ya zo tabarmar da wayarsa yana murna, wai ya samo wasan nan nawa. Ga ƙartin nan da fararen kayansu, ba su canza ba. Ya nuna mana jadawalin shekara kaf, gida biyu, kowa da ranarsa, ya ce saura babbar karawa, bari ya duba ranar da aka sa. Tsofaffi suka matso. Sale ya karɓi wayar da hannun hagu, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo kamar yadda ya kalli takardar nan a gindin tsamiya. Sannan ya mayar wa yaron, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba. Kowa ya yi dariya ban da ni, kuma har yau da nake wannan rubutu ban ba shi amsa ba. Ga abin da ya ce:

“Ba wa kakanka ya duba mana, yaro. Shi yana karanta har inda ba a yi rubutu ba.”